An zuba wa firigona gaz sau biyu, yanzu an ce inji ne: in canja ko in sayi wani?

Tambayar ta fito daga wata baiwar Allah a unguwar Birni, nan cikin Damagaram. Tana da firigo mai ƙofa biyu, na hannu ta saya, tana ɗan sayar da ƙanƙara da zoɓo a gida. Tun shigowar bazara sanyinsa ya ja baya: ruwa yana kwana a sama bai daskare ba, ƙasa kuwa babu sanyin kirki. Mai gyara ya zo ya zuba gaz, firigo ya yi aiki wajen wata guda ya koma gidan jiya. Ya sake zubawa, wannan karon ko mako biyu bai cika ba. Yanzu ya ce injin ne ya gaji, sai an canja. Tana so ta ji ko ta canja, ko ta haƙura ta sayi wani.

Hajiya, sannu da haƙuri, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Kada ki canja injin tukuna, kuma kada ki yarda a zuba gaz na uku sai an nuna miki ta inda na farko da na biyu suka fita. Injin da ya ba ki sanyi wata guda bayan an taɓa firigon, inji ne mai rai. Wanda ya gaji ba ya farfaɗowa don an ƙara masa gaz.

Ga dalili. Aikin firigo kwashe zafi ne daga ciki ya zubar da shi waje. Injin nan baƙi da ke ƙasa ta baya, kwampiresa, shi ke matsa gaz ya tura shi cikin ragar ƙarfen baya, inda yake sakin zafinsa ya zama ruwa. Daga nan ya ratsa ƴar filtir, ya shiga wani siririn bututu da ake kira kapiler, ya fito cikin farantin sanyi na ciki, ya tafasa yana zuƙe zafin abin da kika ajiye, sannan ya koma wurin inji. Haka yake zagayawa a hanya rufaffiya. Ba irin gaz ɗin girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Firigo lafiyayye yakan yi shekara ashirin da gaz ɗin da ya fito da shi daga kamfani. In ya ragu, akwai ɓula, kuma mai zuba gaz bai toshe ɓula ba daidai yake da mai ɗura ruwa a randa mai tsaga.

Labarinki yana nuna ɗaya cikin abu biyu, ko dai gaz ne ke fita ta ɓula, ko ƙanƙara ce ke toshe hanyar iska, kuma ke da kanki za ki iya raba su ba tare da kin kashe ko dala ba. Buɗe ƙofar sama ki duba. In firigonki irin wanda ƙanƙara ke kamawa a jikin bangonsa ne, ki bar shi ya yi aiki awa ɗaya ko biyu babu kaya, sannan ki dubi yadda farin sanyi ya kwanta. Mai lafiya yana rufe farantin gaba ɗaya, sirara, ko'ina daidai. In kin ga ƙanƙara ta taru dunƙule a kusurwa guda, wurin da bututu ke shigowa, sauran jikin kuwa jiƙe kawai ko a bushe, to gaz ya yi ƙaranci ko hanya ta toshe. Ki zagaya baya ki ɗora hannu a kan ragar. Ya kamata samanta ya yi zafi sosai, zafin yana raguwa har zuwa ƙasa. In inji yana ta gudu ba hutawa amma ragar ɗumi-ɗumi kawai take, ko layi biyu na farko ne kaɗai suka ɗau zafi, magana ɗaya ce.

In kuwa naki mai fanka ne a ciki, wanda ba a ganin ƙanƙara a bango sai iska mai sanyi ke fitowa ta ƴan ramuka, to akwai wani zargin da na fi ba wa ƙarfi, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane. Irin wannan firigon yana ɓoye farantin sanyinsa a bayan murfin roba. Yana da rezistans mai ɗumama farantin sau biyu ko uku a yini don ƙanƙarar da ta taru ta narke, ruwan ya bi bututu ya sauka kan inji ya bushe. Abin da ke ba da umarnin narkarwar ko agogo ne ƙarami ko kart ta lantarki, tare da ɗan ma'aunin sanyi da ke manne a jikin farantin. In ɗaya daga cikinsu ya mutu, ƙanƙara tana ta taruwa har ta toshe hanyar iska, wani lokaci ta riƙe fankar. Ƙasa ke fara rasa sanyi, don daga sama ake aiko mata da iska, daga baya saman ma ya yi rauni. To mai gyara ya zo, ya cire wuta, firigo ya yi awanni a buɗe cikin zafin garin nan, ƙanƙara ta narke. Ya zuba gaz ya tafi, sanyi ya dawo, kowa ya ce gaz ne ya yi magani, alhali narkewar ce. Bayan ƴan makonni ƙanƙara ta sake taruwa, a sake kiransa. A nan har ɓarna aka ƙara, don gaz ya yi yawa, kuma alamarsa ita ce ki ga bututun da ke komawa cikin inji ta baya yana fari da ƙanƙara ko yana ta ɗigar ruwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Kwashe kaya, cire wuta, bar ƙofofi a buɗe kwana guda cur, ki sa tsumma a ƙasa. In ruwa mai yawa ya fito, kika mayar da wuta sanyi ya dawo kamar sabo ba tare da kowa ya taɓa gaz ba, kin kama ɓarawonki. Rezistans ko agogo ko ɗan ma'aunin za a canja, kuɗinsu bai kai kusa da na inji ba. Ki kuma saurari fankar: buɗe ƙofar sama ki danna ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa in ta rufe, ya kamata ki ji tana juyawa.

Akwai tambayar da nake yi wa duk mai sayar da ƙanƙara, kuma ina roƙon ki amsa wa kanki da gaskiya: an taɓa sa wuƙa ko cokali ana ɓamɓare leda daga jikin farantin? Ko ba ke ba, yara fa? Farantin nan na alminiyom ne, hanyoyin gaz suna cikin jikinsa, fatarsu ba ta da kauri. Tsinin wuƙa ɗaya ya isa. Wani lokaci a ji tsiii nan take, wani lokaci ƴar tsaga ce da ke fitar da gaz a hankali tana faɗaɗa, shi ya sa zubin farko ya yi wata, na biyu ya yi mako biyu. In leda ta manne, ruwan ɗumi ake zuba mata, ko a cire wuta a jira.

Yanzu a ce ɓular ce. Ga yadda gyara na gaskiya yake, don ki san abin da za ki sa wa ido. Mai gyara zai fara bin mahaɗan bututu da fitila. Gaz yana tafiya tare da ɗan man inji, saboda haka inda yake fita yakan bar tabon maiƙo, kuma a garinmu ƙura ba ta barin maiƙo ya ɓuya: za ka ga wuri guda a jikin bututun jan ƙarfe ya yi baƙi-baƙi, ƙura ta dunƙule a kai, ka shafa da yatsa ka ji santsi. In ido bai gani ba, sai a ɗura azot, wato iskar nitrojin, a cikin hanyar, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a bar agogon matsi a jiki har washegari a ga ko allura ta sauka. Azot nake faɗa, ba oksijen ɗin masu walda ba. Oksijen in ya haɗu da man inji a matse yana fashewa, kuma rai yake ɗauka. Bayan an gano wurin an liƙe shi da walda, dole a canja filtir, don tsohuwar ta riga ta sha danshi. Sannan a sa famfon zuƙe iska ya yi aƙalla rabin awa yana janye iska da laima daga ciki. A ƙarshe a zuba gaz a kan sikeli, daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar firigon.

Matakin zuƙe iskar nan shi aka fi tsallakewa, kuma yana ba ni takaici, don shi ne ke kashe injuna da yawa a hankali. Wasu sukan bar injin firigon ya tura iskar waje da kansa su ce ya isa. Bai isa ba. Danshin da ya rage yakan daskare a bakin kapiler ya toshe hanya, sai ka ga firigo ya yi sanyi awa biyu ya tsaya, a kashe shi ya huta ya dawo, ya sake tsayawa. Man da ke cikin injin R134a kuwa yana shan laima ƙwarai, in ya sha sai ya koma mai cin wayoyin inji daga ciki. Zuba gaz da ƙiyasi ma ba ƙaramin abu ba ne. Firigon gida mai R600a sau da yawa abin da yake ɗauka bai kai giram 80 ba, saboda haka kuskuren giram 10 ya isa ya ɓata aikinsa.

Takardar da nake magana tana manne ko a bangon ciki kusa da akwatin kayan miya, ko a baya. Ki ɗauki hotonta da waya. A kanta za ki ga irin gaz ɗin: R134a, ko R600a, ko R12 in tsoho ne sosai. R600a yana kama wuta, ɗan uwan gaz ɗin girki ne, don haka ba a gyaransa kusa da murhu ko a ɗaki rufe, kuma ba a kai masa wutar walda sai an fitar da shi a sarari an wanke hanyar da azot. Duk da haka ba a ɗura wa firigo gaz ɗin girki a madadinsa, don ba tatacce ba ne. Ba a kuma zuba R134a a injin R600a ko a juya, kowanne da girman injinsa da irin mansa. In kin ga R12 a firigon da ya fito daga Turai, ki sani ya kusa shekara talatin ko ya wuce, don Turai ta daina yin wannan gaz tun wajen 1995, sauran ƙasashe irin namu kuma aka ba su zuwa 2010, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987. Irin wannan ban ba da shawarar a kashe masa kuɗin inji ba.

A kan takardar dai akwai wani harafi da kusan babu mai dubawa lokacin saye, alhali ga mutumin Damagaram ya fi launi da girma muhimmanci. Shi ne ajin yanayin da aka ƙera firigon dominsa. SN da N an yi su don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. Da yawa daga cikin firigon hannu da ke shigowa daga Turai ajin N ne ko SN. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a nan yakan haura 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi haka. Firigon ajin N a irin wannan ɗakin ko lafiyarsa ƙalau ba zai kai digiri 4 da ake so a ƙasa ba, balle 18 ƙasa da sifili a sama. Inji zai yi ta gudu dare da rana, a zo a ce gaz ne. Da damina ta sauka sai ya warke da kansa.

Wannan ba a gyara shi, sai dai a rage masa wahala. A matsar da shi ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da murhu da bangon da rana ke duka, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, kada a jibga kaya a kansa ko a lulluɓe shi da zane don ado. Sannan ƙura. Hazon hunturu yana shiga ko'ina, yana kwanciya a kan raga da inji, ya haɗu da yanar gizo ya zama bargo, zafi ya rasa hanyar fita daidai lokacin da bazara ke shigowa. Cire wuta ki share da burushi mai laushi, ko da sau biyu a shekara. In firigon ba shi da raga a baya, to bututun suna cikin bangon gefe, shi ya sa gefen ke zafi, kada a matse shi tsakanin kabad da bango. In kina da ƴar vantilatar, juya ta tana hura bayan firigon da tsakar rana, za ki ga bambanci.

Robar ƙofa ma ki gwada ta. Sa takardar jaka guda a bakin ƙofa ki rufe ki ja. In ta zare ba tare da kin ji riƙo ba, iska mai zafi na shiga ta nan. Ki bi duk zagayen, musamman kusurwoyin ƙasa inda zoɓo ke ɗiga ya bushe. Wankewa da ruwan ɗumi da sabulu yakan dawo da ita, in ta tsage a canja.

Sai maganar wuta, wadda ita ce kan sa a yanke wa inji hukuncin mutuwa yana da ransa. Firigonmu na bolt 220 ne. Da yammacin bazara, lokacin da kowa ya kunna vantilatar da kilim, kuran yakan yi rauni, musamman a gidan da ya jawo waya siririya daga nesa, ko aka haɗa firigo da dutsen guga a ralanj guda. In wuta ta sauka ƙasa da 200 inji yana shan wahalar tashi. Ki tsuguna a bayansa ki saurara. In kin ji ya yi gurnani na ƴan daƙiƙu, sai ƙas, shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake, to injin yana ƙoƙarin tashi ya kasa, kilikson mai kare shi daga ƙonewa yana yanke masa wuta. Ko wutar ce ta yi rauni, ko rele ne ya ƙone. Rele ɗan akwati ne da bai fi na ashana ba, yana toshe a ƙafafun inji. Cikin irin na zamani akwai ɗan faifai kamar kwabo, in ya ƙone yakan farfashe. Mai gyara ya zare shi ya girgiza kusa da kunne, in ya ji ƙarar tsakuwa a ciki ko warin ƙuna, ya ƙare. Yana daga cikin kayan firigo mafi araha, kuma na sha ganin injin da aka cire aka jefar alhali rele kaɗai yake nema. Ki samu regilatar mai jinkirta tashi, ki ba firigo piriz nasa shi kaɗai. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, ko za a koma kan guruf, a jira minti biyar kafin a kunna, matsin da ke cikin bututu ya daidaita.

Kafin ki yarda inji ya mutu, mai gyara ya auna shi a gabanki. Ƙafafu uku gare shi. Da miltimetir, na'urar awon lantarki, ana auna tsakanin kowane biyu, a samu lamba uku, kuma babbar ita ce jimillar ƙananan biyun. Tsakanin kowace ƙafa da jikin ƙarfen bai kamata a ga komai ba, in an gani, injin ya ƙone kuma yana iya jan mai taɓa firigon. A auna amper ɗin da yake ci yana gudu, a sa agogon matsi a ga ko yana turawa. Sababbin injuna masu inbata, wato masu rage gudu da ƙara shi bisa buƙata, lambobinsu ukun daidai suke fitowa, kuma ba a haɗa su da wutar gida kai tsaye don gwaji, kart ce ke tuƙa su, sau da yawa ma ita ce ke lalacewa. Wanda ya ɗora hannu a kan inji ya ce ya yi zafi don haka ya gaji, bai auna komai ba. Inji mai aiki a bazara dama yana zafin da hannu ba ya jurewa.

Zan ƙara miki wata magana a kan sana'ar kanta, don ko an gyara firigon za ta dawo. Daskarar da ruwa aiki ne mai nauyi. Lita guda ta ruwan famfo mai digiri 35, saukar da ita zuwa sifili kusan kashi 30 cikin ɗari ne na aikin, sauran kashi 70 ɗin yana wurin mayar da ita ƙanƙara. Takardar firigo tana faɗin kilo nawa zai iya daskararwa cikin awa 24, kuma a firigon gida mai ƙofa biyu yawanci ƴan kilo ne da ba su wuce biyar ba. In aka cusa masa leda talatin na rabin lita lokaci guda, an ba shi aikin kwana uku a dare ɗaya. Ki bar ruwan ya kwana a randa ya huce, zoɓo ya huce sarai kafin ya shiga, ki riƙa sawa kashi-kashi, ki bar hanyar iska tsakanin ledoji. Har zuwa lokacin da za a gyara, kada ki ajiye nama ko nono ko maganin da ke son sanyi irin insulin a ƙasan nan, kai su gidan maƙwabta.

Game da saye ko gyara, ga yadda nake gani. In matsalar narkarwa ce, ko rele, ko roba, ko ɓula a mahaɗar da ido ke gani, a gyara, firigon yana da sauran shekaru. Akwai kuma bututun da ke zagaye bakin ƙofa ta ciki don hana gumi, yakan yi tsatsa ya ɓule, shi ma mai gyara da ya san aikinsa yana iya yanke shi ya tsallake. In kuwa an ɗura azot allura tana sauka, an bi ko'ina ba a ga wurin ba, to ɓular tana cikin bango inda soso ya rufe farantin. Ana iya fasa bayan ko a ɗora sabon faranti a ciki, amma in firigon ajin N ne kuma ya tsufa, ni ba zan sa kuɗina a nan ba. Gara ki tara ki sayi kwanjelatar mai buɗewa ta sama, ajin T, wadda aka rubuta mata kilo goma ko fiye a awa 24. Ita ce ta dace da sana'ar ƙanƙara, don sanyinta ba ya zubowa in an buɗe, kuma tana riƙe shi in wuta ta ɗauke. In za a kawo ta daga kasuwar Dole ko wani shago, a ɗauko ta a tsaye yadda take zama, kada a kwantar da ita a amalanke, kuma ki bar ta ta zauna aƙalla awa huɗu kafin ki sa mata wuta, man inji ya koma mazauninsa.